Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: masu ƙera kaya a Gaya da kwangilar gwamnati



Duk wanda ya san Gaya ya san cewa arzikinta arzikin hanya ne. Tun da aka gina gadar da ta haɗa ta da Malanbil a shekarar 1958, kayan da Nijar ke saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta nan suka riƙa ratsawa, su nufi Doso da Yamai, ko su karkata gabas zuwa Kamba da sauran kasuwannin Najeriya. Dilolin gwanjo, buhunan shinkafar Asiya, atamfa, taba, motocin hannu, duk sun kwana a garin nan. Da wannan zirga-zirga aka gina benaye, da ita duwan ta riƙa cika asusun gwamnati. To amma akwai tambayar da ba a cika yi ba idan kasuwa na ci: cikin kayan nan masu wucewa dare da rana, nawa ne aka ƙera a Gaya?

Sau uku cikin shekara 30 tarihi ya yi wa garin wannan tambaya. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, aka wayi gari kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta soma buɗe su ba sai Disamba 2020, masu kai kaya Kamba suka yi zaman jiran tsammani. Karo na uku ya fi duka zafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta aza takunkumi, aka toshe gadar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, hukumomin Yamai sun bar nasu gefen a rufe, manyan kaya suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, mutanen gari suka koma ga kwalekwale. Ɗan dako, ɗan kamasho, mai ba da hayar sito, mai tuwo a bakin tasha, kowa ya ji a jikinsa. Garin da ke ci daga abin da ke wucewa, ranar da aka rufe ƙofa sai ya kwana da yunwa, alhali kuwa wanda ke ƙera abu da hannunsa yana da abin sayarwa ko gada na buɗe ko tana rufe.

A ƙasashen waje, musamman Amurka, ana yawan maganar tallafa wa masana'antun marasa rinjaye, wato na baƙar fata da sauran al'ummomin da aka daɗe ana dannewa. A Gaya, inda Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Kyangawa ke zaune gida ɗaya suna auratayya, auna mutane da ƙabila tayar da fitina ne kawai. Marasa rinjayen da ake nufi a nan su ne waɗanda ba su da murya a inda ake rabon kwangila: matan kwarin Foga masu dafa gishiri, matan da ke turara shinkafa su mai da ita gumi, masu tatsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, naƙasassu masu haɗa sabulu da ɗinkin takalma, samarin da suka fito daga cibiyoyin koyon sana'a suka kafa rumfar walda ko ta kafinta a bakin hanya. Idan kawuna za a ƙidaya sun fi manyan attajirai yawa nesa ba kusa ba, amma idan aka buɗe kundin waɗanda baitulmali ya biya, da wuya a ci karo da sunansu.

Babban mai saye a ƙasar nan kuwa gwamnati ce. Ita ke sayen tebur da benci na makarantu, da tufafin jami'an tsaro, da zannuwan gado da sabulun asibitoci, da abincin ƴan makaranta, da hatsin da hukumar OPVN ke tanadi tun da aka kafa ta a 1970. Gobarar azuzuwan zana ta shekarar 2021, a Yamai cikin Afrilu da Maraɗi cikin Nuwamba, ta ci rayukan yara fiye da 40, ta kuma tuna wa kowa cewa akwai dubban azuzuwan da ke jiran gini. Kowane aji yana buƙatar ƙofa, da tagogi, da allo, da wurin zama. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari mai walda ko kafintan Gaya.

Abu huɗu ne ke hana aikin isa gare su. Na farko, girman kwangilar. Idan aka ce, a misali, ana son benci 2,000 daga hannun mutum ɗaya cikin wata biyu, to an riga an kori mai rumfa tun kafin a buɗe ambulan. Na biyu, takardu: rajistar kasuwanci, lambar haraji, shaidar biyan patanti, lamunin banki, duka da Faransanci, ga kuma tafiyar kilomita wajen 150 zuwa Doso ko 300 zuwa Yamai. Na uku, jinkirin biya. Attajiri na iya jiran kuɗinsa shekara guda, amma wanda ya ci bashin ƙarfe da katako wata uku kaɗai ya isa ya rufe masa rumfa. Na huɗu, wanda kowa ya sani ba kowa ke faɗa ba, shi ne siyasa. Tun bayan Taron Ƙasa na 1991, mulki ya sha sauya hannu, amma ɗabi'ar saka wa wanda ya yi wa masu mulki hidima da kwangila ba ta sauya ba. Shi kuma sai ya juya ya ba mai sana'a aikin a rabin kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu ƙasashe sun yi fama da irin wannan, kuma akwai abin koyi a wurinsu. A 1973 mutanen Atlanta ta Amurka suka zaɓi Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, a lokacin da rabon baƙar fata a kwangilolin birnin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Da aka zo gina sabon filin jirgin sama, sai ya kafe a kan cewa kashi 25 cikin 100 na aikin ya shiga hannun kamfanonin marasa rinjaye, manyan kamfanoni kuma su yi tarayya da ƙanana idan suna son aikin. An kai ruwa rana, amma an buɗe filin a 1980, ƙananan kamfanoni da dama kuma sun tsaya da ƙafafunsu daga nan. Birazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da ƴan makaranta a sayi amfanin ƙananan manoma da shi. Kenya tun 2013 ta keɓe kashi 30 na sayayyar gwamnati ga matasa da mata da naƙasassu. Nan kusa kuma, a 2016 jihar Legas ta ƙulla yarjejeniya da jihar Kebbi, Kebbi ta noma ta cashe, Legas ta saya ta sayar wa jama'arta da sunan Lake Rice, shekara guda bayan haka aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu.

Hanyar tana da ramuka, kuma gara a san su tun yanzu. A 1989 kotun ƙolin Amurka ta soke tsarin birnin Richmond na keɓe kashi 30 bisa launin fata, saboda birnin bai kawo hujjar da ta gamsar ba cewa an zalunci waɗanda aka keɓe wa. A Afirka ta Kudu sai da aka gyara doka a 2013 aka mai da aron suna laifi, domin wasu masu kuɗi sun riƙa sa sunan baƙar fata a takarda su ci kwangila a bayan fage. A nan ma, ranar da aka ce an keɓe wa mata kaso, za a ga Alhaji ya yi wa uwargida da amarya rajista cikin mako guda. Maganin wannan shi ne a je a ga rumfar da ido, a ga injin, a ga ma'aikatan, domin gani ya kori ji.

Mafi kyawun misali ma a cikin gida yake. A 2001 wata ƴar ƙasa, Fatchima Daddy Gaoh, ta kafa kamfanin sarrafa abinci na STA a Yamai. A lokacin yunwar 2005 kamfanin ya haɗa gwiwa da Nutriset na Faransa, ya soma haɗa Plumpy'Nut, abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa, wanda a da sai an yi odarsa daga Turai. UNICEF da ƙungiyoyin likitoci suka riƙa saye a wurinsa. Abu uku suka haɗu: mai ƙera kaya da ta yarda a auna ingancin kayanta, babban abokin tarayya da ya kawo fasaha, da mai saye tabbatacce. Abin da ya yiwu ga gyaɗa a Yamai zai yiwu ga shinkafa da gishiri da ƙarfe a Gaya.

Ma'aikacin gwamnati shi ne mai riƙe da alƙalami, don haka nauyin farko a kansa yake. Kwangilar benci 2,000 ana iya raba ta gida 20, kowane kaso benci 100, a ba rumfunan Gaya da Tanda da Bana da Bengu da Tunuga da Yelu damar yin takara. Ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2005 ta yarda a fifita kamfanonin yankin da ragowar da ta kai kashi 15 cikin 100 a kan na waje, sai dai wannan rangwame ba ya amfanar wanda bai san ma an yi kiran tayi ba. Wajibi ne a riƙa karanta sanarwar a rediyon gari da Hausa da Dandanci, a liƙa sunan wanda ya ci da farashinsa a ƙofar ofishin magajin gari, a ba ƙaramin mai sana'a wani abu na kafin alƙalami, a kuma biya shi cikon kuɗinsa cikin kwanakin da aka rubuta.

Ƴan kasuwa kuma suna da abin da mai sana'a ya rasa: jari, da sito, da mota, da sanin banki. Attajirin da ya saba sayo shinkafa daga Asiya zai iya sa injin casa, ya ƙulla da ƙungiyoyin manoman fadamun Tara da matan gumi, ya shiga takara da sunan tarayyarsu, a rubuta rabon kowa a takarda gaban shaidu. Shekara da shekaru shansherar bakin kogin nan na tsallakawa Najeriya a cashe ta can, ladan casar da dusar da aikin yi duk su zauna can. Haka gishirin Foga: dokar ƙasa ta ce gishirin ci sai da sinadarin ayodin, wanda ke maganin maƙoƙo, kuma mace ɗaya ba ta iya sayen injin haɗawa, amma ƙungiyar mata da ɗan kasuwa ɗaya a bayanta za ta iya.

Masu sana'a su ma ba su kuɓuta ba. Bencin da ya karye kafin damina ta fita ya rufe wa dukan rumfunan gari ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: rumfa goma da suka haɗu suka yi rajista ɗaya, suka ɗauki mai rubuta musu lissafi, suka amince da awo ɗaya da kaurin ƙarfe ɗaya, sun zama kamfanin da ba a iya rainawa.

Za a ce kayan gida sun fi tsada, kuma sau da yawa gaskiya ne. Mai walda da ke aiki da janareto idan wuta ta ɗauke ba zai yi gogayya da masana'antar Sin a farashi ba. To amma a yi lissafin har ƙarshe. Jika goma da aka biya a Gaya tana zuwa ga mai sayar da ƙarfe, da mai abinci, da mai gidan haya, wani abu ya komo wa gwamnati a haraji, benci kuma idan ya karye mai gyaransa na kusa. Jika tara da aka tura waje ta tafi ke nan. Duk da haka fifikon ya zama mai iyaka da wa'adi, domin wanda aka goya shekara goma bai koyi tafiya ba ya zama kaya.

Tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bi ta ƙarƙashin ƙasar Gaya a cikin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Shi ma wucewa yake yi, kamar gwanjo, kamar shinkafar Asiya. Abin da zai zauna a garin shi ne abin da hannun mutanensa ya ƙera. Kasafin kuɗin kowace ƙaramar hukuma ana tsara shi ne kafin shekara ta kama, don haka mai son ganin sauyi ya je tun yanzu ya tambayi benci nawa za a saya baɗi, kuma a wurin wa.