Me Ke Sa Yaro Ya Zauna Da Maigidansa?

   

An ce mu yi magana a kan kukan da ya yi yawa a bakin masu gida a nan Badun, cewa yaran yanzu ba sa zama. Ka ɗauko yaro daga gida, ka biya masa kuɗin mota, ka koya masa bambanta daushe da sabon goro, ya san abokan cinikinka, amma kafin shekara ta zagayo sai ka ji yana acaɓa, ko kuwa ya koma gindin wani. Haka ne, ana yi. To amma jama'a, da ma can me ya riƙe yaran da?

Tun da aka kafa Sabo a 1916, iyayenmu da yara suka yi fataucin goro da shanu, kuma ba albashi suke biya ba. Maigida shi ne ci, shi ne sha, shi ne wurin kwana. Yaro ya fara da share zaure da kai wa baƙi abinci, daga nan a bar shi ya riƙa bin dillalai, yana samun ɗan abin la'ada. In ya yi hankali maigida ya yi masa aure, ya ba shi ɗaki, daga baya ya yanka masa jari. Yaron nan yana wahala, amma yana hangen inda wahalar za ta kai shi, domin ga na gabansa nan da aka sallama, yana ganinsu da rumfunansu. Abin da ya riƙe shi ke nan.

Yau fa? Mun riƙe rabin tsarin, mun yar da rabi. Muna son biyayya irin ta da, amma maganar sallama babu mai tayar da ita. Akwai yaran da suka shekara goma a rumfa ɗaya a Bodija, gemu ya fito, ba aure, ba jari, in suka yi magana a ce su yi haƙuri kasuwa ba daɗi. Ƙaramin da ya zo jiya yana kallon wannan. Me zai jira?

Mu dubi maƙwabtanmu. Ɗan kasuwar Ibo tun ranar da zai ɗauki yaro ake zama da iyayen yaron a yanke shekaru, in sun cika a ba shi jari ya buɗe nasa. Bayarabe mai koyar da sana'a, tela ne ko makanike, shi ma da ranar yaye yaronsa, har da biki. Ba mu ce su ba a saɓa alkawari a wurinsu ba, ana yi, amma akwai ranar da kowa ya sani. Mu kuwa sai "in Allah ya so", alhali Allah ya so, maigida ne bai so ba.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a 2024, komai ya bi ta. A Yulin 2024 gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, watau ba ta hau kan yawancinmu ba, amma yaronka ya ji labari a rediyo, kuma ya iya lissafi. Kuɗin abincin da kake ba shi tun kafin tsadar nan, yau ko kwano ɗaya ba zai cika masa ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuma yaron nan ba don kansa kaɗai ya zo Kurmi ba. Akwai tsohuwa a ƙauye mai jiran aike, yanzu kuwa ga waya, kullum sai an kira shi. Saboda haka biya a ranar da aka ce ya fi masa ƙarin da ba ya san ranar zuwansa. Malamai na nan, sun fi mu sanin abin da addini ya ce game da jinkirta haƙƙin ma'aikaci.

Abin da ke jan su zuwa acaɓa ma ke nan. Sana'a ce mai haɗari, kuma mun ga yadda gwamnatin Ikko ta hana ta a ƙananan hukumomi 6 a Yunin 2022, aka kwashe babura. Duk da haka suna tafiya, don da yamma mutum na ƙirga abinsa a hannunsa, ba mai yi masa tsawa.

Tsawar nan kuwa, kada mu raina ta. Yaro zai jure yunwa, amma zagin uwarsa a gaban mai saye, ko a kira shi ɓarawo kafin a yi lissafi, wannan ba ya mantawa. In ya yi laifi, a ja shi bayan rumfa. In ya sayar da kaya sama da yadda aka ce, a ba shi wani abu daga ribar, a kuma faɗa a gaban sauran. Lokacin rikicin kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, da yawanmu kayan da suka tsira yara ne suka fitar da su a kai, ba wanda ya tilasta masu.

Damina kuma in ta faɗi, a bar mai gona ya je ya yi shuka, a gaya masa gurbinsa na nan.

Shawarar da muka kawo wa ƙungiya ita ce, daga yanzu duk wanda zai ɗauki yaro, a rubuta takarda a fadar Sarki, da shaidu biyu, ɗaya daga dangin yaron: shekara nawa zai yi, nawa ne kuɗin abinci, me za a sallame shi da shi. Kofi ɗaya wurin maigida, ɗaya wurin yaro, ɗaya wurin magatakarda. Masu tsofaffin yara kuma, muna roƙon a kawo sunayen waɗanda suka haura shekara bakwai kafin taro mai zuwa, a zauna da kowane maigida a sa rana.