Matasanmu Da Aikin Yi: Jawabi A Taron Shekara Na Ƙungiyar Ci Gaban Utai

 

An nemi mu yi tsokaci a kan rashin aikin yi. Mu dai ba masana tattalin arziki ba ne, alli muka riƙe har muka yi ritaya. Amma yaran da ake magana a kansu, ta hannunmu suka wuce.

Bari mu fara da alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020, kashi 33 cikin ɗari na masu iya aiki kuma masu son yinsa a Nijeriya ba su da shi. A farkon 2023 kuwa sai adadin ya dawo kashi 4 da ɗoriya. Ba masana'antun Sharaɗa da Bompai ne suka farfaɗo ba. Mudun awon aka sauya. A sabon tsari, wanda duk ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako, ya shiga sahun masu aiki. Ke nan yaron da ya kora shanu a karar Wudil ranar Juma'a, ya wuni a gindin bishiya sauran kwana shida, a takarda ma'aikaci ne. Wannan bincike kuma ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba su da albashi tsayayye, balle fansho.

Ashe ciwonmu ba zaman banza ba ne kawai, aikin da ba ya ciyar da mai shi ne. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta bayyana a littafinta na 1972 cewa talakan manomi yakan bar gonarsa da damina ya tafi ƙwadago a ta wani don abincin yau, kaka ta zo rumbunsa wayam. Shekara hamsin ke nan da 'yan kai, wa zai ce labarin ya canja a Utai? Da an gama girbi sai samari su ɗau jaka zuwa cin rani Legas ko Abuja, wasu ga-ruwa, wasu dako.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka muna ba ƙungiya shawara uku. Na farko, mu ƙidaya matasanmu da kanmu unguwa-unguwa: wane karatu suka yi, wace sana'a suka iya, wata nawa suke aiki a shekara. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Wudil tun 2001; mu roƙi malamanta su taya mu tsara tambayoyin. Na biyu, kowane tela, kafinta, makaniki ko mai walda ɗan garin nan ya ɗauki yaro biyu, ƙungiya ta saya musu kayan aiki ranar yaye su. Na uku, mu ware wani kaso na asusu don noman rani da kiwon turka, domin watannin rani su ne ke cinye mana yara.

Muna fatan baɗi war haka sakatare zai karanta mana sunaye, ba alkawura ba. Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.