Labarin Garin Lucera da Darasin da ke Cikinsa Gare Mu



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, shugabannin ƙungiya, dattawa, iyayenmu mata da 'yan'uwa baki ɗaya, ina gaishe ku.

Yau zan ɗan kai ku nesa, zuwa wani ƙaramin gari a kudancin Italiya, a yankin Fuliya, sunansa Lucera. Garin yana bisa tudu, gonakin alkama sun kewaye shi, kuma har yanzu tsohuwar ganuwar kagararsa tana tsaye.

Jama'a, wannan gari ya taɓa zama garin Musulmi. Asalinsu mutanen tsibirin Sisili ne. Da suka yi wa Sarki Firedarik na Biyu tawaye, sai ya fara kwashe su wajen shekarar 1224, ya tsugunar da dubbai daga cikinsu a Lucera. To, da suka zauna, sai suka kama noma da kiwo da sana'a da fatauci. Suna da masallacinsu da alƙalinsu. Su ne kuma ke biyan jiziya ga sarki Kirista. Maharbansu gwanayen baka ne, sarki ya ɗauke su soja, har Paparoma ya riƙa kuka da shi a kan haka.

Amma kun ga, duk zamansu a ƙarƙashin inuwar gida ɗaya yake. Firedarik ya mutu a 1250. Ɗansa Manfired, wanda suka yi wa yaƙi, an kashe shi a Benebento a 1266. Mulki ya koma hannun gidan Anju na Faransa. A 1269 sabon sarki ya ci garin bayan doguwar tsarewa, amma ya bar su, don yana son harajinsu. A watan Agustan 1300 kuwa, ɗansa Shal na Biyu ya aiko da runduna, aka watsa su, aka sayar da dubbai a matsayin bayi, aka kwashe dukiyarsu. A shekarar nan aka fara gina babbar majami'ar garin, wadda take nan har yau, kuma duk tsakiyar Agusta mutanen Lucera suna bikin Maryamu, suna zagaya gari.

Me ya sa na kawo wannan? Wallahi ba don tsoratarwa ba ne. Mu 'yan ƙasa ne, ba kamammu ba, kuma masu masaukinmu sun riƙe mu da mutunci. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na farko, kada mu jingina zamanmu da babban mutum ɗaya. Babba yakan tafi, maƙwabci ne ke nan kullum. Mu koyi harshensu, mu je ta'aziyyarsu, mu cika mudu in muna awo.

Na biyu, yawancin abin da aka sani game da mutanen nan daga takardun fadar sarki ya fito, na haraji da na ciniki, ba daga alƙalaminsu ba. Mu fa, wa ya rubuta sunan wanda ya fara sauka a unguwar nan? Ina takardar filin masallaci da ta maƙabarta? Ina roƙon ƙungiya ta sa matasa biyu su zauna da dattawanmu su rubuta, tun suna raye.

Allah ya zaunar da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwarmu.

Wassalamu alaikum.