Daga Awo Zuwa Allurar Wata Tara: Jawabin Sakatare a Taron Shekara

 

Cikin takardun neman taimako da suka iso ofishinmu a bana, akwai nau'in da ya fi tsaya mana a rai: takardar magidanci mai neman kuɗin madarar jariri. Duk wanda ya taɓa zama a teburin tantancewa ya san abin da take nufi tun kafin ya kai ƙarshenta. Uwar ta rasu wurin haihuwa. Mukan biya, domin haƙƙinsa ne. Amma mun fara tambayar kanmu, ina muke watanni kafin a rubuta wannan takarda, lokacin da kuɗin mota zuwa awo ko ledar jini guda za su iya zama sanadin tsira da izinin Allah?

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa a kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ne ke rasa rayukansu. A lokacin, kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Yaran da suka kammala rigakafin farko kashi 31 ne a ƙasa baki ɗaya, a Sakkwato kimanin kashi 5. Wanda ya duba zai ɗauka matsaloli biyu ne. A wurinmu igiya ɗaya ce. A wurin awo ake gano hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga, a can ake ba ta maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. Wadda ta haihu a hannun ma'aikaciyar lafiya, kafin ta koma gida an yi wa jaririnta allurar tarin fuka, an ɗiga masa na shan inna, an miƙa mata kati. Wadda ta haihu a ɗaka sau da yawa ba ta da katin, kuma babu mai tuna mata.

Mai katin ma tana iya yankewa a hanya. Ana komawa ne a mako na 6, da na 10, da na 14, sannan a wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara. Ku lura, mako shida ya zo daidai da arba'in, lokacin da mai jego ke gama wanka. Idan haihuwar fari ce, a wannan makon ne take tattara kaya daga gidan iyayenta ta koma ɗakinta, wani lokaci a wani garin. Sai katin ya zauna a ƙasan akwati, asibitin da ya san ta kuma ya yi nisa. Mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ya fi kama yaran da ba a yi musu rigakafi ba ko ba a ƙarasa musu ba.

Ba za mu raina masu ɗari-ɗari da allura ba, domin tsoronsu yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada wani magani a kan yara a Kano, wasu suka mutu, maganar ta kai ga kotuna. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohinmu, sai a 2004 Kano ta dawo da shi, bayan an samo maganin daga Indunisiya. A tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe, yara suka nakasa. Abin da ya warware ƙullin shi ne shigowar sarakuna da malamai cikin aikin, har aka wayi gari a watan Agusta na 2020 an ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Mutane sun saurari wanda suke bi salla, ba baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Saura maganar fiƙihu, tunda an yi mana tambayar. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka gida takwas, kuma mafi yawan malamai sun sharɗanta a mallaka wa mabuƙaci ita. Don haka ba za mu sayi mota ko mu gina ɗakin haihuwa da zakkarku ba. Za mu damƙa ta ne a hannun matalauciya mai ciki, ko magidancin da bashin tiyata ya kama. Gini da mota da man da za a zuba mata aikin waƙafi ne, kuma wannan ba sabon abu ba ne: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi ya riƙa kula da marasa lafiya kyauta. Malaman tarihi sun kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ji kukan jariri da dare, ya gano uwar tana gaggawar yaye shi ne saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sauya dokar, ya ce a yanka wa kowane jariri tun daga haihuwa. Bai tsaya ga yi wa uwar faɗa ba, tsarinsa ya gyara.

Roƙonmu ga kwamitoci ba mai nauyi ba ne. Kowane masallaci ya samo direba a unguwa wanda za a iya tashinsa da tsakar dare, gidauniya ta ɗauki nauyin mai. Limamai su tuna wa magidanta su bar izinin fita asibiti a gida tun cikin yana ƙarami, kada naƙuda ta zo maigida yana kasuwar wani gari, a zauna jiran wayarsa. Ranar suna kuma, bayan an raɗa, an yi addu'a, an raba goro da dabino, liman ya ja uban gefe ya tambaye shi ko an karɓo kati.

Takardar alkawarin waƙafin mota tana hannun ma'aji a bakin ƙofa. Kwamitocin da suka samu direba su kawo mana sunansa kafin watan Rajab.