KASET-KASET ƊINMU NA BIDIYO: MU CECE SU TUN DA SAURAN LOKACI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, Haɗeja



Ina so in yi magana a kan wata dukiya da kusan kowannenmu ya ajiye a ƙarƙashin gado ko cikin tsohuwar adaka, wato kaset-kaset na bidiyo. A cikinsu akwai ɗaurin aure da suna da saukar karatu, akwai hawan Sallah na zamanin marigayi Sarkin Haɗeja Alhaji Abubakar Maje Haruna, akwai shagulgulan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, akwai kuma ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu. Da yawa daga fuskokin da ke ciki sun riga mu gidan gaskiya, kuma in ba a wannan zaren ba, babu inda za a sake jin muryarsu.

Jama'a, hatsari biyu ke fuskantar wannan dukiya. Na farko, zaren kaset leda ce da aka shafe da garin maganaɗisu, kuma zafi da danshi suna sassauta abin da ya manne garin. Mu kuwa a nan Allah Ya haɗa mana zafin bazara da ƙurar hunturu da danshin fadama. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a ƙasar Haɗeja ya san abin da ruwa ke yi wa kayan da aka ajiye a ƙasa. Na biyu shi ne injin kallon kansa. Kamfanin JVC na Japan ya fito da VHS a 1976, kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin, wato Funai, ya daina a 2016. Abin da ya rage sai kwance, masu gyara kuma suna ta ƙarewa. Kaset mai lafiya in babu injin da zai karanta shi, bambancinsa da bulo kaɗan ne.

Saboda haka wajibi ne a juye su zuwa kwamfuta. Amma juyewar iri-iri ce. Mafi muni ita ce a kunna talabijin a ɗauka da waya. Mai bi mata ita ce a matse awa uku ko huɗu a faifan DVD guda, domin hoton zai dagargaje. Ga hanyar da nake ba da shawara.

Da farko a nemo kaset na asali. A da, mai ɗaukar biki yakan riƙe na asali ya juyo wa dangi, kuma kowace juyawa daga kaset zuwa kaset tana rage hasken hoto da tsabtar murya. In mai ɗaukar ko 'ya'yansa suna nan, a tambaye su. In ƙaramin kaset ne na kyamara, irin su Video8 ko Hi8 ko VHS-C, to shi ne uwa. MiniDV kuwa dama da lambobi yake ajiye hoto, don haka da wayar FireWire ake kwashe shi ba tare da asarar komai ba.

Na biyu, a duba kaset kafin a sa shi a inji. In an ga fari-fari kamar gari ta tagar kaset, fumfuna ce. Kada a kunna, domin za ta ɓata kan injin ta kuma shafi kaset na gaba. Wanda ya jiƙe a bar shi ya bushe a inuwa, kada a shanya shi a rana. Sannan a ɓalle ɗan maƙullin nan na gefe, don kada wani ya danna ɗauka bisa kuskure ya goge bikin mahaifiyarsa.

Na uku, a sami inji mai lafiya wanda aka goge kansa, a fara gwada shi da kaset marar muhimmanci don a tabbatar ba ya tauna zare. In an sami mai na'urar daidaita hoto da ake kira TBC, wadda ke hana hoton rawa da karkacewa, ya fi. In yana da ramin S-Video a yi amfani da shi, domin yana raba haske da launi, ba kamar wayar nan mai kan ɗorawa ba. A yi aikin a kan wuta mai ɗorewa, saboda ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya kama zaren.

Na huɗu, a faɗa wa mai aikin ƙa'idar hoton. Najeriya tana kan tsarin PAL: hoto 25 a daƙiƙa guda, kowanne a rabe gida biyu, girmansa a kwamfuta 720 da 576. A ɗauka a haka. Kaset da wani ya aiko daga Amurka tsarinsa NTSC ne, sai inji mai iya karanta shi. Kada a miƙe hoton don ya cika faffaɗan talabijin na yanzu, sai ka ga malaminmu siriri ya zama gajere mai ƙiba. Kada kuma a ruɗe mu da cewa za a mayar da shi HD. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, ba ya cikin zaren.

Na biyar, ajiya. Kwafin asali a bar shi da nauyinsa. A tsarin DV awa guda tana cin gigabait 13, ke nan kaset na awa uku kusan 40, ma'ajiya mai terabait guda za ta ɗauki kaset kamar 25. Daga wannan ne za a fitar da ƙaramin kwafi don turawa ta WhatsApp, wanda ke matse bidiyo ya rage masa kyau. A yi kwafi uku, ɗaya a kai shi wani gari kamar Kano ko Dutse, don kada ruwa ko gobara su haɗa su. Kaset ɗin ma kada a jefar. A jera shi a tsaye, a sama, nesa da lasifika.

Abu biyu suka rage. Bidiyon biki akwai matan gida a ciki, saboda haka a kai aikin hannun amintacce, a kuma tabbata ya goge kwafinsa. Sannan a zauna da dattawa a kalla tare, a rubuta sunan kowa da shekara da unguwa, domin jikokinmu ba za su san waɗannan fuskoki ba.

A ƙarshe, ina roƙon wannan ƙungiya ta sayi inji biyu da na'urar juyewa, ta naɗa mutum uku su kula da aikin, a fara da kaset-kaset na makaranta da ke hannun malamanmu, kuma a kawo rahoto a taro mai zuwa.