WAYARKA TASKAR AMANA CE, KA SA MATA MAKULLI

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa masanin harkar waya ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi bayan sallar La'asar. Mun rubuto maku shi saboda amfaninsa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (SAW), 'yan uwa, abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda mutum zai kulle abubuwansa na sirri da ke cikin waya.

Wani zai ce shi ba ya ɓoye komai, me zai kulle? To, ɗan uwa, buɗe wayarka ka duba. Akwai hoton mahaifiyarka da na ƙannenka mata a cikin gida ba lulluɓi. Akwai hoton katin NIN ɗinka, wataƙila har da lambar BVN. Akwai saƙon da abokinka ya turo maka yana gaya maka matsalar gidansu, ya ce kada kowa ya ji. Akwai lissafin bashin da ke tsakaninka da mutane. Ka ga mafi yawan abin da ke ciki ma ba naka ba ne kai kaɗai, amanar mutane ce aka ba ka. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To yanzu rabin abin da ciki ke riƙewa ya koma waya, ita kuwa waya ana mantawa da ita a wurin mai caji, ana ara, ana ƙwacewa a hanya.

MAKULLIN FARKO

Makulli na farko shi ne na fuskar waya, kuma shi ne uban sauran. Ga dalili. Wayoyin yanzu suna dagula duk abin da ke cikinsu ta yadda ba ya karantuwa, sai an sa lambar sirri sannan ya warware. Kamfanin Apple ya ƙarfafa wannan tsari a iPhone a 2014, sababbin wayoyin Android kuma an wajabta masu irinsa na yanzu tun daga Android 10, a 2019. Ma'ana lambar nan da kake raina wa ita ce mabuɗin ɗakin gaba ɗaya.

Don ku san ƙarfin abin, a watan Disamba na 2015 an kashe mutum 14 a garin San Bernardino na Amurka. Hukumar FBI ta samu wayar ɗaya daga cikin maharan, iPhone ce, amma ta kasa buɗewa, tana tsoron in ta yi ta gwada lambobi har sau 10 wayar ta goge komai. Sai da ta kai Apple kotu a 2016, kamfanin ya ƙi, daga ƙarshe ta biya wasu ƙwararru suka buɗe mata. Lamba huɗu kacal ta tsayar da hukuma irin wannan wata da watanni.

To me ya sa ɓarawon unguwa yake buɗe taka cikin minti biyu? Saboda kai ka sauƙaƙa masa. A 2012 wani mai bincike ya duba lambobin sirri masu lamba huɗu kimanin miliyan 3.4 da suka fallasa, sai ya tarar kusan kashi 11 cikin 100 duk 1234 ne. Sai 1111, sai 0000, sai shekarar haihuwa. Lamba huɗu tana da fuska 10,000 da za a iya jera ta, lamba shida kuwa 1,000,000. Saboda haka ka sa shida ko fiye, kuma kada ta zama shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka, ko lambar babur ɗinka. Masu zane da yatsa kuma, ku sani na kusa da ku yana haddace zanen da kallo ɗaya, wani lokaci ma sawun maiƙon yatsa a kan gilashi yana tona shi. Buɗewa da zanen yatsa tana da amfani a cikin jama'a, don ba wanda zai leƙa ya ga lambarka, amma mai barci ba ya tsare yatsansa.

ƊAKI A CIKIN ƊAKI

Mu a nan waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙaninka zai ara ya yi wasa, abokinka zai ce ba ni in kira, wani zai ce bari in tura karatu ta Xender. Ba za ka hana ba, kuma bai kamata ka zama marowaci ba. Shi ya sa ake buƙatar makulli na biyu, wato jakar da ke da lambarta daban.

Kusan kowace waya tana da irin wannan. A manhajar Files ta Google akwai Safe Folder tun 2020, ana kulle ta da lamba huɗu ko zane. A Google Photos akwai Locked Folder tun 2021, ta hotuna da bidiyo. Masu Samsung suna da Secure Folder, masu Infinix suna da XHide. Android 15 da ya fito a 2024 ya zo da Private Space, inda har manhaja sukutum za ka iya sakawa ta ɓace daga ido. A iPhone, tun 2022 jakar ɓoyayyun hotuna ba ta buɗuwa sai da fuska ko yatsa ko lamba. WhatsApp ma tun 2023 yana ba da damar kulle hira guda.

Amma a kula da abu uku. Na ɗaya, lambar jakar ta bambanta da ta fuskar waya, in ba haka ba ka yi ƙofa biyu da mabuɗi ɗaya. Na biyu, Safe Folder ba ta da rangwame: in ka manta lambar, abin da ke ciki ya tafi, ba mai dawo maka da shi. Don haka takardar makaranta ko ta fili kada ya zama nan kaɗai take, ka ajiye kwafi a wani wuri amintacce. Na uku, in ka mayar da hoto cikin jakar, ka bi sawunsa. Sau da yawa kwafinsa yana nan a jakar WhatsApp, ko a kwandon shara, inda wayoyi da yawa suke riƙe abin da aka goge har kwana 30.

Sannan ku bambance ɓoyewa da kullewa. Akwai manhajoji barkatai da ake saukewa, wasu da siffar kalkuleta, suna cewa suna ɓoye hotuna. Da yawansu kawar da fayil kawai suke yi daga inda ido ya saba gani, wanda ya san kan waya zai tono shi. Kuma ka ba wanda ba ka sani ba izinin shiga hotunanka. Kun dai ga abin da manhajojin ba da bashi suka yi wa mutane a ƙasar nan: su kwashi lambobin da ke wayar mutum, in ya makara da biya su bi danginsa da abokansa da saƙon cin mutunci, har sai da Google ya hana irinsu taɓa hotuna da lambobin mutane a 2023. Duk manhajar da ta nemi izinin da bai shafi aikinta ba, ka hana ta.

ƘOFOFIN BAYA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga ta farko ita ce memori. A mafi yawan wayoyi makullin fuska bai shafe shi ba, zare shi kawai za a yi a sa a wata waya, komai ya bayyana. Abin sirri kada ya kwana a memori.

Ta biyu ita ce layi. Wanda ya ƙwaci waya sau da yawa ba hotunanka ne gabansa ba, sim ɗin yake so, don da shi ake shiga asusun banki ta lambobin nan da ake dannawa, kuma ta nan saƙon tabbatarwa ke shigowa. Ka shiga saiti ka sa wa sim lambarsa. In aka yi kuskure sau 3 zai rufe, sai da PUK, mai lamba 8, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. In aka kuskure PUK sau 10, layin ya mutu sai an sake shi. Ka adana katin nan a gida. Haka WhatsApp, ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, kuma lambar da aka turo maka ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyarku yake.

Ta uku ita ce wurin gyara da wurin sayarwa. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, amma rigakafi ya fi magani. Cire sim da memori kafin ka miƙa. In gilashi za a canza, ba dole sai ka ba da lamba ba, ka tsaya a gwada a gabanka. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da yanayin gyara tun 2022, wanda ke rufe kayanka ya bar wa mai gyara waya fayau. In kuma sayarwa za ka yi, ka fita daga asusunka na Google, ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

ABIN DA MAKULLI BA YA YI

'Yan uwa, makulli yana tsare ka daga mutane ne kawai. Abin da za ka ji kunya a gani ranar da aka ɗauki wayarka kai kuma kana kwance a makara, maganinsa gogewa da tuba, jaka ba ta da amfani a nan. Kuma abin da ba a ɗauka ba shi ne ba ya fita. Angwaye musamman, hoton iyalinka da bai kamata wani ya gani ba, kada ka ɗauka tun farko. Gidaje sun mutu a kan wannan.

Haka nan yadda kake son a kiyaye naka, ka kiyaye na wani. Allah Ya hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12. An ba ka waya ka yi kira, ka yi kira ka mayar. An nuna maka hoto ɗaya, kada yatsanka ya zarce na gaba. Ka tsinci waya a buɗe, nemi mai ita, kada ka yi yawo a cikinta. In kuma asirin wani ya faɗo hannunka, ya mutu a wurinka, kada ka zama mai turawa gaba.

Na ƙarshe, mutuwa ba ta sallama. Da yawanmu lissafin bashi da ajiyar mutane duk a waya suke. In ka tafi da lambar a kanka, magada za su rasa hakkinsu, masu binka bashi su rasa nasu, nauyin kuma yana wuyanka. Ka rubuta lambar a takarda, ka rufe, ka ajiye tare da wasiyyarka ko wurin mutum ɗaya da ka amince da addininsa. Bashi kuwa ka rubuta shi a littafi ma, da shaidu.

Kafin a kira Magariba ina son kowa ya yi abu uku: ya canza lambar fuskar wayarsa zuwa shida, ya sa wa sim lamba, ya kwashe hotunan iyali da takardu zuwa jaka mai makulli. In ka koma gida ka yi wa mahaifiyarka da ƙannenka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu cikin masu riƙon amana.