Rajistar Misisipi ko Kiɗan Woodstock: Wanne Ya Sauya Amurka?



Na san wasunku sun gaji da jin wannan ƙorafi daga bakina. Ba kuwa zan daina ba muddin muna cusa gwagwarmayar baƙar fatar Amurka da sheƙe ayar 'yan hifi cikin babi ɗaya, muna kiransa "boren matasan shekarun 1960". Zamani ne kawai ya haɗa su.

Labarin ɗalibai huɗun da suka ƙi tashi daga teburin cin abinci na kantin Woolworth a Greensboro ranar 1 ga Fabrairu 1960, kowa a nan ya san shi. Abin da ake tsallakewa shi ne horon da ke bayan irin wannan zama. A Nashville, James Lawson atisaye yake yi wa ɗalibai: a zage su, a hura musu hayaƙin taba a fuska, a ingije su daga kujera, su saba da haƙuri ba ramuwa. Ranar fita kuma su saka kayansu mafi tsabta. Wannan ne za a haɗa da masu gudun aski?

Mu je Misisipi, inda hujjata take. A 1964, kashi 6.7 cikin ɗari ne kacal na baƙar fatar da suka isa zaɓe ke da rajista. Magatakarda zai miƙa maka wani sashe na tsarin mulkin jihar ya ce ka yi bayaninsa, shi ne kuma mai cewa ka ci ko ka faɗi. Sai a buga sunanka a jarida, maigidanka ya gani. Fannie Lou Hamer ta gwada a 1962, aka kore ta daga gonar da ta shekara 18 tana yi wa bauta. Matasan ƙungiyar ɗalibai ta SNCC, irin su Bob Moses, gida gida suke bi suna lallashin mutane. A Yunin 1964 aka kashe masu wannan aiki uku: Chaney da Goodman da Schwerner. Dokar 'yancin zaɓe ta fito a Agustan 1965. Zuwa 1967, rajistar ta kai kashi 59.8. Ku sake ji: daga 6.7 zuwa 59.8 cikin shekara uku. A shekarar ce aka zaɓi Robert Clark zuwa majalisar dokokin jihar, baƙar fata na farko a wancan ƙarnin.

Woodstock kuwa, Agustan 1969, mutum wajen 400,000 suka yi kwanaki cikin taɓo suna jin kiɗa. Wace doka ta biyo baya? Abokan jayayyata za su ce ai sun sauya al'ada, sun ƙyamaci yaƙin Biyetnam. To, a 1972, zaɓen shugaban ƙasa na farko bayan an rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18 a faɗin ƙasar, Shugaba Nixon da suke adawa da shi ya lashe jihohi 49 cikin 50.

Shawarata uku ce, kuma ba sabuwa ba ce. A raba babin nan gida biyu a manhajarmu. A tilasta wa ɗalibi karanta alƙaluman rajista kafin a nuna masa hoton zanga-zanga ko ɗaya. Shugabannin ɗalibai da ke zaune a baya kuma, kafin ku kira gangami na gaba, ku ƙirga mutum nawa a unguwarku kuka raka suka yanki katin zaɓe.